Commodore 64 mai baƙin allo: yadda aka bi ciwonta daga adafta har zuwa RAM

Kwamfutar da ake magana a kanta Commodore 64 ce ta zubin farko, mai kaurin jiki da launin ƙasa-ƙasa, irin wadda aka fara sayarwa a Amurka a watan Agustan 1982 a kan dala 595. Wannan ta Turai ce, mai tsarin hoton talabijin na PAL, kuma lambar da ke jikin fanel ɗinta, wato allon da'irar da ke cikinta, 250407 ce, zubin 1983. Ta zo da adaftarta ta asali. Idan aka kunna ta, jar fitilar da ke sama ta hannun dama tana kamawa, tsaki-tsakin talabijin ya ɗauke, allo ya koma baƙi ƙirin. Daga nan babu wani motsi. Shuɗin allon da aka saba gani, mai rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, ba ya fitowa.

Alamun nan biyu suna da abin da suke faɗa. Jar fitilar daga layin bolt 5 na adafta take shan wuta, don haka kamawarta ba ta nuna komai game da ɗaya layin, na bolt 9. Baƙin allon kuwa ya fi ta amfani. Tunda talabijin ya kama sigina ya natsu, ayisin hoto (ayisi shi ne ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da ake dasawa a fanel), wato VIC-II mai lamba 6569, yana raye yana aiki. Launin shuɗin ba daga gare shi yake ba: manhajar da ke cikin ROM, wato ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa, ce take rubuta masa shi bayan an tashi. Ke nan furosesa bai kai ga wannan matakin ba, kuma abubuwan da kan tare shi a hanya suna da yawa: wuta, layin risit mai tayar da furosesa, ayisin PLA mai raba hanya tsakanin sassa, ROM, RAM wato ƙwaƙwalwar aiki, da ƙananan ayisin da ke tsakaninsu. Mai gyaran da ya fara da sauye-sauyen ayisi bisa hasashe zai iya kashe kuɗin kwamfuta biyu bai gano komai ba.

Adafta tukuna

Ba a sake jona kwamfutar da adaftarta ba sai da aka auna ta ita kaɗai. Adaftar C64 wuta iri biyu take bayarwa ta fulogi mai ƙafa 7: bolt 5 na DC a ƙafa ta 5, da ƙasa, wato layin dawowar wuta, a ƙafa ta 2, sai bolt 9 na AC tsakanin ƙafa ta 6 da ta 7. Ƙafafun suna kusa da juna ƙwarai, kuma idan bakin mita ya zame ya haɗa biyu, an jawo wata sabuwar matsala, don haka a naɗe bakin da salatif a bar tsininsa kawai.

Ba kaya a kanta, mita ta nuna bolt 5.2. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce adafta lafiya. Aka ɗaura mata razista mai om 4.7, wat 10, wanda ke jan kusan amfiya 1, kwatankwacin abin da kwamfutar ke ja. Bayan minti 20 mita ta haura 5.9, tana kuma ci gaba da hawa. Ayisin RAM na 4164 an yi su ne su yi aiki tsakanin bolt 4.5 da 5.5, ƙananan ayisin dangin 74LS kuwa tsakanin 4.75 da 5.25. Duk lokacin da aka bar wannan kwamfuta a kunne, dafa ta ake yi.

Dalilin yana cikin ƙirar adaftar. An cika cikinta da wani daskararren roba wanda ya binne taransifoma da ragulatar bolt 5 gaba ɗaya. Zafi ba shi da mafita, ga shekaru sama da 40 sun hau kai, kuma idan ragulatar ta gaji ba kashe wuta take yi ba, sakin ta take yi fiye da ƙima. Fasa robar don gyara ɓata lokaci ne. Abin da aka yi shi ne haɗa sabuwa: ƙaramar adafta mai kyau ta bolt 5, amfiya 2, da taransifoma mai ba da bolt 9 na AC, amfiya 1, a cikin akwati ɗaya mai ramukan iska, da fiyus a ɓangaren wutar gida. Aka yanke wayar tsohuwar aka yi amfani da fulogin, bayan an bi kowace waya da mita har zuwa ƙafarta, domin launin wayoyin ba abin dogaro ba ne.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne sa adaftar bolt 9 ta DC a gurbin ta AC. Ba za ta yi ba. A cikin fanel akwai da'irar da ke ninka wannan AC ɗin don a samu bolt 12 na VIC-II da ayisin sauti, wato SID, kuma agogon lokaci na ayisin CIA, masu kula da madannai da sauran mahaɗai, daga kaɗawar wutar gida yake ƙirga daƙiƙoƙinsa. Wanda zai yi amfani da kwamfutar a Najeriya ko Nijar ya lura da abu biyu: adaftar da ta zo daga Amurka ta wutar 110 zuwa 120 ce, za ta ƙone a wutarmu ta 220 zuwa 230, kuma inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsin kaɗawa tana sa taransifoma gurnani da zafi.

Buɗewa da awon farko

Sukurori 3 ne a ƙasa ta gaba. Bayan an kwance su ana ɗaga murfin daga gaba a hankali, saboda ta baya ƙananan haƙoran roba ne suka riƙe shi, kuma sun bushe, karyewa ba ta yi musu wuya. A zare fulogin madannai da na fitila. A kan fanel akwai wani kwali mai rufin azurfa da aka sa don hana kutsen sigina ga rediyo da talabijin. An cire shi, ba a kuma mayar ba, don babu abin da yake yi yanzu sai tare zafi.

Lokacin hunturu, da iska ta bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi, wannan wutar jikin ta isa ta kashe ayisin wannan kwamfuta. A ɗaura abin ɗaurin hannu mai waya zuwa ƙasa, ko aƙalla a riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa fanel, kuma kada a yi aikin a kan leda ko dardumar roba.

Da sabuwar adafta aka kunna, aka bi wuraren awo. A bakin da ake kira user port, ƙafa ta 2 ta ba da bolt 4.6 maimakon 5, alhali a bakin fulogi 5.05 ne. Wani abu yana cin wuta a hanya. Makunnin kwamfutar kansa yakan yi datti a ciki ya rage wuta, don haka aka fesa masa ruwan wanke mahaɗa aka yi ta kunnawa da kashewa, ba wuta a jiki. Awo ya ɗago zuwa 4.75 kawai. Tsakanin ƙafa ta 10 da ta 11 an samu AC ɗin, wanda ya nuna fiyus na cikin fanel bai yanke ba. Ragulata VR1, mai lamba 7812, ta ba da bolt 12 daidai, VR2 mai lamba 7805 ta ba da 5. Manyan kafasitoci ba su kumbura ba, ba su zubar ba, aka bar su. Sauya kafasita duka ba tare da dalili ba ya zama al'ada a wannan sha'awa, amma a fanel ɗin C64 da wuya su zama sanadin baƙin allo.

Sai gwajin yatsa. A bar kwamfuta ta yi rabin minti a kunne, a riƙa ɗora bayan yatsa a kan kowane ayisi. VIC-II da SID da PLA da furosesa suna da ɗumi tun asali. RAM kuwa bai kamata ya wuce ɗan ɗumi-ɗumi ba. A jerin guda 8 da ke ƙasa ta hagu, wanda ke gurbin da aka rubuta wa U22 ya yi zafin da yatsa ba ya iya zama a kai. Ya haɗe a ciki, shi ne kuma mai jan wutar. Duka takwas ɗin MT4264 ne na kamfanin Micron, waɗanda masu wannan aiki suka sani da saurin mutuwa.

Cire ayisi ba tare da kashe fanel ba

Fanel ɗin mai fuska biyu ne, kowane rami yana da siririn bututun tagulla da ya haɗa sama da ƙasa. Idan aka fizgi ayisi alhali ƙafa ɗaya ba ta saki ba, bututun yakan biyo ta, a wayi gari da layin da ya yanke a ƙarƙashin soket inda ido ba ya gani. Tunda U22 ya riga ya mutu, ba a yi wahalar ceto shi ba. Aka sa siririn kata aka yanke ƙafafunsa 16 a jikin baƙin robar, aka ɗauke gangar jikin. Sannan aka riƙa kama kowace ƙafa da hantsaki daga sama, ana ɗora ƙarfen narka dalma daga ƙasa a zafin digiri 350, ƙafar ta zame da kanta. Tsohuwar dalma ba ta narkewa da kyau sai an ƙara mata sabuwa, mai haɗin 60/40, da ɗan fulos, wato man da ke sa dalma ta kama. Bayan nan aka zuƙe ramukan da famfon zuƙe dalma, aka goge da sifirit.

Ƙafa ta 8 da ta 16 sun fi sauran taurin kai saboda suna kan faffaɗan layukan wuta masu shanye zafi. A nan akwai tarko ga wanda ya saba da dangin 74LS: a jikin 4164, ƙafa ta 8 ce bolt 5, ta 16 ce ƙasa, akasin abin da aka saba. Aka dasa soket mai ƙafa 16, aka bi kowace ƙafa da mita zuwa takwararta a ayisin da ke maƙwabtaka, domin layukan adireshi da na RAS da CAS, siginonin da ke shigar da adireshi cikin RAM, duk tare suke a guda takwas ɗin, layin bayanai ne kaɗai kowa da nasa. Aka sa 4164 mai saurin nanosakan 150.

Wuta ta dawo 4.95. Allo yana nan baƙi.

Abin da ke faruwa a daƙiƙar farko

Daga nan sai an san tafiyar da furosesa 6510 ke yi idan an kunna. Ayisin 556 da ke U20 yana riƙe ƙafarsa ta 40 a ƙasa na ɗan lokaci, sannan ya sake ta ta hau bolt 5. An auna, ta hau. Ƙafa ta 1 tana karɓar bugun agogo, wanda a injin PAL yake 0.985 MHz, wato kiristal mai 17.734 MHz an raba shi gida 18. Mita mai awon firikwensi ta nuna shi daidai, ƙafa ta 39 ma tana fitar da nata bugun. Furosesa yana samun duk abin da yake buƙata.

Da an sake shi, yana karanta adireshi biyu na can ƙarshen ƙwaƙwalwa, 65532 da 65533, ya samu lambar 64738, inda manhajar tashi take a cikin KERNAL ROM, wato ROM ɗin da ke riƙe da manhajar gudanar da inji. Wannan ce lambar da masu C64 ke rubutawa da SYS idan suna son sake tayar da inji ba tare da kashe shi ba. Umarni na biyar a wannan manhaja kiran wani ƙaramin aiki ne, na duba ko akwai katirij, wato ɗan akwatin manhaja da ake cusawa ta baya, kuma kafin furosesa ya tafi sai ya ajiye adireshin dawowarsa a RAM, tsakanin 256 da 511. Idan bit ɗaya, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ya lalace a wurin, zai dawo inda ba nan ya baro ba, ya ɓace. Shirya allo kuwa sai can gaba, bayan an shirya CIA an gwada RAM. Shi ya sa ƙaramin ayisi ɗaya cikin takwas yake iya hana komai fitowa.

A tsakiyar wannan duka akwai PLA, a U17, mai lamba 906114-01. Furosesa adireshi 65,536 kawai yake iya gani, amma a injin akwai RAM mai cika wannan adadin, ga ROM guda 3, ga VIC-II da SID da CIA biyu, ga katirij. PLA ne ɗan sandan kan mahaɗa: a kowane bugu shi ke cewa wane ne zai yi magana a layin bayanai, sauran su yi shiru. Ƙafarsa ta 18 ce ke buɗe RAM, ta 17 ROM ɗin harshen BASIC, ta 16 KERNAL, ta 15 ROM ɗin haruffa, ta 12 sauran na'urori, ta 11 da ta 10 kuma katirij.

Da alƙalamin gwajin sigina aka taɓa ƙafa ta 16 ana kunna inji. Ya kamata ta yi ta faɗuwa tana tashi, tunda faɗuwarta ce ke buɗe KERNAL. Ta tsaya cak a sama. Aka kashe, aka sa katirij ɗin Dead Test, mai lamba 781220, wanda Commodore ta yi wa masu gyaranta. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar ko ɗaya daga ROM ɗin cikin inji, yana maye gurbin KERNAL da nasa, kuma gwajinsa na farko ba ya dogara da lafiyar RAM. Shi ma bai ce komai ba, ƙafa ta 10 da ya kamata ta buɗe shi ba ta motsa ba. Ƙafafun shiga na PLA suna ta bugawa, na fita biyu sun sandare, ga jikinsa ya fi na furosesa zafi. PLA ya mutu.

Nasa ƙafafun 28 ne, aka bi da su yadda aka bi da na U22. An daina ƙera na asali tuntuni, kuma wanda aka ciro daga wani tsohon inji shi ma kwanansa ƙirgagge ne. Akwai na zamani iri-iri, kamar PLAnkton da wanda ake haɗawa da ayisin GAL20V8 guda biyu. Waɗanda aka yi da ayisin ƙwaƙwalwa na EPROM sun fi arha, amma yayin da adireshi ke sauyawa sukan saki ɗan gajeren siginar ƙarya, kuma jinkirinsu a ƙafa ta 18 ba lallai ya dace da RAM ba. Inji zai tashi lafiya, sai wani katirij ya ƙi aiki a rasa dalili. Na GAL aka sa.

Walƙiya ɗaya, da tarkon da ke cikinta

Dead Test yakan bar allo baƙi na fiye da daƙiƙa 10 kafin ya nuna komai, don haka a yi haƙuri kada a kashe da wuri. Wannan karon allo ya yi fari ya koma baƙi, sau ɗaya, ya ɗan dakata, ya maimaita. Adadin walƙiyar yana nuna bit ɗin da ya gaza da ayisin da ke riƙe da shi: ɗaya U12, biyu U24, uku U11, huɗu U23, biyar U10, shida U22, bakwai U9, takwas U21.

Bisa wannan jeri, sai a cire U12. Ba a cire ba. Walƙiya ɗaya ita ce amsar da katirij ɗin ke bayarwa har idan duka bit takwas ɗin ne suka zo a birkice, domin ita ce ta bit na 7, wanda yake kan gaba. Duk abin da ya hana furosesa isa ga RAM gaba ɗayansa zai fito a matsayin laifin U12. Da walƙiya biyar ce ko bakwai, da an fi yarda da ita.

Akwai hanya mai sauƙi ta jarraba RAM ba tare da dalma ba: a ɗan matse ƙafafun sabon 4164 a goya shi a bayan wanda ake zargi, ƙafa kan ƙafa. Tana aiki idan tsohon ya yi shiru ne kawai, ba ta aiki idan ya haɗe a ciki. An goya wa U12, babu abin da ya sauya.

Aka koma kan U13 da U25. Layukan adireshin furosesa 16 ne, amma 4164 ƙafa 8 kawai yake da su na adireshi, don haka ana ba shi adireshin kashi biyu, rabi tare da siginar RAS, rabi tare da CAS. Waɗannan ayisin biyu ne ke wannan juyi, kowanne layi huɗu. A U13 akwai 74LS257 na gama-gari. A U25 kuwa rubutun jikinsa MOS 7708 ne, kwafin da Commodore ta ƙera a masana'antarta, kuma shi da 'yan uwansa irin su 7707 da 7709 da 7711 sun yi suna wajen mutuwa haka kawai. Ƙafafun fitarsa su ne 4, 7, 9 da 12. Uku suna bugawa, ta 9 tana kwance a ƙasa, alhali ƙafafun da ke ciyar da ita, 10 da 11, suna motsi. Layin adireshi ɗaya ya mutu ke nan, wurare daban-daban na ƙwaƙwalwa sun zama wuri ɗaya, abin da aka rubuta a nan sai ya goge na can. Aka cire shi aka sa soket da 74LS257.

Dead Test ya fito da allonsa, ya bi gwaje-gwajensa duka ya ce lafiya, ya kuma busa sautin muryoyin SID uku. Aka cire katirij aka kunna: shuɗin allo, 38911, da READY.

Baka-baka a kan allo

Tashin inji ba shi ne ƙarshen gyara ba, musamman wanda ya sha wutar da ta wuce ƙima. Aka bar shi a kunne. Bayan kamar rabin awa, alamar buɗe baka ta fara ɓullowa nan da can a wuraren da babu rubutu. Wannan alama da kanta ta faɗi mai laifi. Ƙwaƙwalwar allo tana daga adireshi 1024 zuwa 2023, kuma lambar fili marar rubutu 32 ce. Lambar buɗe baka 40 ce. Bambancinsu 8, wato bit na 3 ne yake tashi da kansa, shi kuwa U10 ke riƙe da shi.

Don a tabbatar, aka rubuta wannan a harshen BASIC:

10 FOR A=49152 TO 53247
20 POKE A,85:B=PEEK(A):IF B<>85 THEN PRINT A,B
30 POKE A,170:B=PEEK(A):IF B<>170 THEN PRINT A,B
40 NEXT

An zaɓi wannan yanki mai bayit 4096 ne saboda BASIC ba ya amfani da shi, kuma gwajin da KERNAL ke yi lokacin tashi ba ya kaiwa can, yana tsayawa a 40960 inda ROM ɗin BASIC ya fara. Lambar 85 ita ce 01010101, 170 kuma 10101010, don haka kowane bit ana gwada shi a sama da ƙasa. Inda ya gaza, 93 yake dawowa a madadin 85. Takwas ce dai ta ƙaru. Aka ɗiga wa bayan U10 sifirit ya huce, kurakuran suka tsaya na ɗan lokaci, suka dawo da ya sake ɗumi.

A nan ra'ayin masu gyara ya rabu. Wasu na cewa kada a taɓa ayisin da ke aiki, tunda kowane cirewa ramuka 16 ne da za a iya lalatawa. Maganarsu tana da ƙarfi idan ayisi ɗaya ne ya mutu don tsufa. Amma a wannan inji biyu cikin takwas sun tafi, dukansu zubi ɗaya ne, kuma wuta ɗaya suka sha. Aka cire U10 da sauran shidan, aka sa soket a duka. Aikin yini guda ne idan ana so a yi shi da tsabta. Bayan nan Dead Test ya yi awa uku yana zagayawa ba kuskure, da murfi a rufe.

Sauran sassan

RAM ɗin launi daban yake, ayisi ne mai lamba 2114 a U6, mai riƙe bit 4 kacal ga kowane gurbi. Layi ɗaya ya isa a gan shi:

FOR I=0 TO 999:POKE 1024+I,160:POKE 55296+I,I AND 15:NEXT

Allo zai cika da tubalan launuka 16 a jere. Idan wani launi ya ɓace ko yana ƙyaftawa, a duba U6 da ayisin 4066 da ke U16. A nan duk sun fito.

Na sauti kuma:

10 S=54272:FOR I=0 TO 24:POKE S+I,0:NEXT
20 POKE S+24,15:POKE S+6,240:POKE S+3,8
30 POKE S+1,29:POKE S,69:POKE S+4,17

Lambobin 29 da 69 suna ba da sautin 440 Hz a injin PAL. A sauya 17 zuwa 33, 65 da 129 a ji sauran kalolin sautin, na ƙarshen shi ne mai shuuu. Murya ta biyu tana farawa daga S+7, ta uku daga S+14. SID ɗin wannan fanel 6581 ne, mai shan bolt 12 a ƙafa ta 28. Wanda ke cikin fararen C64 na baya-baya, 8580, bolt 9 yake sha, kuma duk da ƙafafunsu iri ɗaya ne, sa shi a wannan soket kashe shi ne. Inji yana tashi ko babu SID, don haka da a soket yake, cire shi na cikin abubuwan farko da ake yi idan allo ya yi baƙi.

Gyare-gyaren da aka ƙara kaɗan ne. An manna ƙananan ƙarafan shan zafi a kan SID da furosesa da gam mai wuce da zafi, aka sabunta man da ke tsakanin VIC-II da harshen murfin ƙarfensa, wanda ya bushe ya zama gari. A ɗakin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ado ba ne. An sa maɓallin risit tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3 na user port, don a rage wahalar da makunni. An bar hanyar eriya, aka ɗauki hoto daga soket mai ƙafa 8 na baya: ƙafa ta 1 haske, ta 6 launi, ta 2 ƙasa, ta 3 sauti. Siginar launin C64 ta fi ƙarfin abin da talabijin na zamani ke tsammani ta S-Video, sai hoto ya yi ƙananan ɗigo-ɗigo kamar raga. Razista mai om 330 a kan wayar launi ya kwantar da shi. A madadin na'urar faifai ta 1541 an jona SD2IEC, wanda ke karanta katin SD yana amsawa a lamba 8, yana kuma shan bolt 5 ɗinsa daga bakin kaset.

Bakin joyistik kai tsaye yake shiga CIA na U1, babu wani abin kariya a tsakani. Kada a cusa ko a zare komai a wurin inji yana kunne. Fad ɗin Sega Mega Drive yana shiga bakin daidai, amma wayoyinsa ba iri ɗaya ba ne: yana tura bolt 5 a layukan da CIA ke ja ƙasa yayin karanta madannai, kuma hakan kan lalata ayisin.

Madannai ne suka rage. Guda biyar ba sa amsawa sai an danna da ƙarfi, kuma a warwatse suke. Da layi guda ne na maɓallai takwas ya mutu tare, da U1 ko fulogin za a zarga, domin a tsarin 8 sau 8 ake karanta su. Warwatsuwarsu datti take nunawa. Sai an narke wayoyi biyu na SHIFT LOCK kafin bayan madannan ya buɗu, sannan a kwance tarin ƙananan sukurorin a zuba su a murfin kwalba. Aka goge zanen tagullar da sifirit, aka ɗan murza baƙin robar ƙasan kowane maɓalli a kan farar takarda har ƙyallin da ya yi ya tafi. Ba a sa masa sanfefa, domin siririn rufin da ke wuce da wuta a jikinsa yake, idan ya goge maɓallin ya tashi aiki. RESTORE ba ya cikin wancan tsari, layinsa daban ne zuwa furosesa ta U20, kuma a wannan zubin fanel sai an ɗan buge shi da sauri yake amsawa. Ana gwada shi ne tare da riƙe RUN/STOP: allo ya goge, READY ya dawo sama, manhajar da aka rubuta tana nan idan aka buga LIST.